Tiyo na Biyar a Garin da Ba Teku

Abin da na fara tambaya a kasuwar Batha shi ne inda ake shiga motar bakin teku. Wani mai sayar da layin waya na tambaya, don na ji shi yana faɗa da wani a waya da Hausar Katsina. Ya kalle ni, ya kalli jakata, ya ce, "Wace teku?"

"Bahar Maliya. Aikin nutso na zo yi."

Dariya ta kama shi har ya dafa tebur. Ya ƙwala wa maƙwabcinsa kira, "Kai Sale, taho ka ga wanda ya zo iyo a Riyad!" Da ya ga fuskata ba alamar wasa sai ya sassauta. "Ɗan'uwa, wa ya yi maka wannan aika-aika? Jidda wuni guda ce cur a mota. Nan garin, ruwan da za ka yi alwala ma daga uwa duniya ake turo shi."

Ejan da ya yi mini biza a Legas cewa ya yi Riyad da Jidda kamar Kano da Zariya ne, in na sauka in karɓi iƙama, wato takardar izinin zama, kawai in wuce. Rashin sani ya fi dare duhu. Na tsaya cikin kasuwar nan jaka a kafaɗa, ga hayaƙin bas, ga ƙaurin kifin da aka soya da tsohon mai, ga jan yawu da masu taunar ganye suka tofa a gindin kowane bango. Tun a ranar zuciyata ta fara tashi, ban san cewa somin taɓi ne ba.

Sunana Nasiru, ɗan Yawuri ne ni, a gidan masunta aka haife ni. Kafin in iya wanke allo na iya nutsewa cikin Kwara in kwance tarun da ya sarƙe a jikin kututture. Da na girma na tafi Legas, na shiga wani kamfani mai kankare cikin jiragen ruwa, a can na koyi nutso da tukunyar iska har aka ba ni takarda. Amma daga Kwara har ruwan Legas, duk lalube ne. Ruwan ja ne ko baƙi, da hannu kake gani. Wata rana wani abokin aiki ya nuna mini bidiyon Bahar Maliya a wayarsa: mutum yana can ƙasa, amma ana ganin inuwarsa kwance a kan farin yashi. Albashi ma dalili ne, ba zan yi ƙarya ba. Amma abin da ya raba ni da gida shi ne in nutse ko da sau ɗaya ne a ruwan da zan ɗaga hannuna in gan shi.

Kafilina, wato mutumin da iƙamata ke ƙarƙashin sunansa, ana ce masa Abu Nayif. Farar jallabiyarsa ba ta taɓa sanin ƙura ba, ƙamshin turaren itace yana riga shi shiga ɗaki. Da gaske yana da reshe a Jidda inda ake kai masu yawon buɗe ido nutso, har hotuna ya nuna mini. Ya karɓi fasfona ya jefa a durowa, ya ce da gurguwar Turanci haɗe da Larabci, "Teku tana nan, ya Nasir, ba ta gudu. Ka yi mini ɗan shugul, ɗan aiki, a Riyad tukuna. In na ga hannunka, halas, sai Jidda."

Daga ofishinsa aka wuce da ni sito, a unguwar masu ƙira da gareji da suke kira Sina'iyya. A can na haɗu da Koya, wani dattijo Musulmi ɗan Kerala ta ƙasar Indiya. Shi ke kula da kaya, shi ne kuma zai riƙe mini igiya in na shiga ruwa. Baba Koya nake ce masa, sunan kuwa ya yi masa daɗi. Ya buɗe wani akwatin ƙarfe ya ciro kayan aikin kamfani gaba ɗaya: riga biyu, tabarau ɗaya, raguleta ɗaya.

Ga wanda bai san aikin ba, raguleta ita ce ƙarfen da ake ɗaurawa a bakin tukunyar iskar da mai nutso ke goyawa. Tiyo huɗu ke fita daga jikinta: na baki, da na ko-ta-kwana, da na agogon da ke nuna sauran iska, da na hura falmaran da ke ɗaga mutum sama. Riga kuwa iri biyu ce. Akwai jiƙaƙƙiya, ta roba, wadda ruwa ke shiga ya kwanta a jikinka har ya ɗumama. Akwai busasshiya, wadda ruwa ba ya ratsawa, ana sa ta saboda sanyi ko saboda ƙazanta. Ita busasshiya sai da tiyo na biyar, wanda ake maƙala wa a ƙirjinta, don in ka yi ƙasa ba ka hura mata iska ba za ta matse ka har ta bar maka shaida a fata.

Raguleta ɗaya ta yi wa riga biyu aiki, wannan ba laifi ba ne, a Legas ma haka muke yi. In za ka sa jiƙaƙƙiya sai ka kwance tiyo na biyar da sifana, ka toshe kafarsa da wani ɗan murfin tagulla da bai wuce ƙwallon dabino ba. Na tambayi Baba Koya ina murfin yake.

"Mafi," ya ce, yana juya tafin hannunsa. Babu. Ya ɓata tun zamanin wanda na gada.

Na yi wa Abu Nayif magana a waya a sayo wani. Ya ce, "Murfi? Ka soke tiyon a ɗamararka mana. Mafi mushkila, ba damuwa." Haka tiyo na biyar ya zauna a jikin raguleta dindindin, bakinsa a buɗe, duk ruwan da na shiga sai ya shiga.

Watannin farko na jiƙaƙƙiya ne. Tankunan ban ruwa na gonakin dabino, da wani tafkin ado a Unguwar Ofisoshin Jakadanci da ya yi kore shar da gansakuka, inda masu gadi suka fi bincikar tukunyata fiye da fuskata. Duk lalube ne irin na gida. Ban yi ƙorafi ba, na ce ai hanyar Jidda ce.

Sai aka fara kiranmu bayara. Bayara shi ne ramin da ruwan banɗakin manyan gidaje ke taruwa kafin famfo ya tura shi gaba. In famfon ya toshe, ko dai a kira motoci su kwashe ramin, ko a tura mutum. Mutum ya fi araha. A inda ake tsoron Allah, mai shiga irin wannan wuri kwalkwali ake sa masa da ke rufe kai gaba ɗaya. Ni kuwa busasshiya aka ba ni ta rufe mini jiki, fuskata a waje, tabarau a ido, robar raguleta a tsakanin haƙora. Jikina a bushe, leɓena a cikin kashin mutane.

Ba zan manta shigata ta farko ba. Abin ɗumi gare shi, wannan ne ya fi tayar mini da zuciya. Da sanyi ne da na ce ruwa ne. Duhu kuwa ko ka rufe ido ko ka buɗe duk ɗaya. Na lalubi bakin famfon na dinga zaro abin da ya shaƙe shi: kunzugun jarirai, tsummokara, dunƙulen gashi mai tsawon hannu, da wasu abubuwan da ba zan rubuta ba. Kowane numfashi na ja sai na ji ɗanɗanon yana biyo gefen roba. Da na fito Baba Koya ya tsaya nesa yana fesa mini ruwa da tiyon wanke mota, yana ta istigfari kamar shi ya yi laifin. Abu Nayif yana cikin motarsa a tsallaken titi, gilashi a rufe, yana latsa waya. Kura da shan bugu, gardi da karɓe kuɗi.

Daga nan na koyi shafa basilin a leɓe da kumatu kafin in shiga. Na aske gemuna don wari yana maƙalewa a ciki. Shinkafar kabsa da nake so ta fita daga raina, saboda launinta. A masallaci na koma tsayawa a ƙarshen sahu, duk da haka wata rana wani ya ja jikinsa ya bar gurbi tsakaninmu, ban kuma ga laifinsa ba. In mahaifiyata ta kira ta ce yaya teku, sai in ce lafiya lau, Inna, ruwa sai hamdala. Bayan kowane bayara mukan jiƙa raguleta cikin bokiti da maganin kashe ƙwayoyin cuta, washegari in sake cusa ta a baki in shiga tankin gona. Duk ƙarshen wata sai in tuna wa Abu Nayif Jidda, shi kuma ya ce, "Bukra, in sha Allah," wato gobe.

Wata rana aka kira mu wani gidan shaƙatawa a bayan gari. Na sauka na kai hannu bakin famfo sai na ji gashi, amma ba na mutum ba. Na shafa na ji kunne, na ji haƙora. Kare ne ya faɗa ramin ya mutu, ya kumbura ya toshe wurin. Na ɗaura masa igiya na ba da alama a ja. Ana ja ya rabe biyu a kaina. Tiyo na biyar na ƙirjina, amma na ko-ta-kwana da sauran duk sai da suka yi wanka a cikinsa.

Na fito na yi amai har sai da na ga kore. Na tuɓe raguletar na yi wurgi da ita cikin bayan mota, na ce wa Baba Koya, "Wallahi wannan abu ba zai sake shiga bakina ba." Na san rantsuwar banza na yi, shi ma ya sani.

Washegari na tarar da ita a rataye a sito tana ƙyalli kamar sabuwa. Baba Koya yana murmushi ya ce, "Nadif, Nasir. Tsarkakakkiya ce yanzu. Ka sa ba fargaba." Na yi masa godiya, na yi kaffarar rantsuwata daga baya, ban tambaye shi da me ya wanke ba.

A bayara na gaba, ina kaiwa ƙasa rigar ta fara matsa ta, na danna maɓallin ƙirji don in ɗan hura iska. Maɓallin ya shiga bai dawo ba. Iska ta dinga kwarara, rigar tana kumbura. Abin da ake koya wa kowa shi ne ka cire tiyon nan take. Na kama bakinsa na ja, sai na ji yana gurzar wani abu, ya ƙi motsi. Iskar ta gudu ƙafafuna, ta juya ni, na tashi sama ƙafa a gaba kamar salkar da aka hura. Na bugi bango, robar ta kuɓuce daga bakina. Na sha. Ba kurɓa ɗaya ba kuwa.

Baba Koya da direban motar kamfani ne suka jawo igiya har kaina ya fito, tsohon ya kai hannu cikin ƙazantar ya rufe tukunya. Da na dawo hayyacina na duba bakin tiyon, sai ga jan yashin Riyad a ciki. Na ɗago na dube shi. Hawaye na bin gemunsa.

"Kare ne, Nasir," ya ce. "Najasar kare sai an wanke sau bakwai, ɗaya da ƙasa. Haka malamanmu suka koya mana. Na ga ba za ka iya sa ta a baki ba, na ce bari in tsarkake maka ita yadda ya kamata."

Zagi ya zo mini har maƙogwaro. Mu a karatunmu na gida ban taɓa jin an sa ƙasa ba, ko da an sa ma, wa zai cuɗa raguleta da yashi kamar tukunyar tuwo? Garin neman gira ya kusa raba ni da ido. Amma a duk faɗin garin nan shi kaɗai ne ya damu da abin da ke shiga bakina. Na haɗiye zagin tare da sauran abin da na haɗiya a ranar.

Da muka koma sito muka kwance ta gaba ɗaya don mu fitar da yashin. A nan na ga abin da ya fi karen muni. A ƙarƙashin robar da ke cikin abin baki, da can cikin bakin tiyo na biyar, wani baƙin abu ne ya daskare kamar kwalta, har da silin gashi. Wanki bakwai bai kai wurin ba, balle bokitinmu na magani. Muka kankare iya abin da tsinke zai kai, sauran yana inda hannu ba ya shiga. Na nuna wa Abu Nayif hoton, na ce a sayi raguleta ta biyu. Ya ce, "Wannan tana ba da iska ko ba ta bayarwa?"

Kwana biyu bayan haka ciki ya ɓaci, zazzaɓi ya kwantar da ni a ɗakin da muke haya a unguwar Jaradiya. A bayan layinmu akwai wani tsohon bene mai hawa da yawa, a nan Hajiya Tabawa take. Basakkwaciya ce, ta daɗe a ƙasar har jikokinta sun fi jin Larabci da Hausa, tuwo take sayar wa irinmu gwauraye. Da ta ga ban zo ba ta tambaya, sai ga ta da kanta da kwanon kunun tsamiya. Ta tsaya a bakin ƙofa ta ce, "Mi ya same ka haka, ɗana? Duk ka zabge. Tashi ka sha tun da zafi nai."

Kullum sai ta aiko, har na miƙe, ba ta kuma yarda na biya ba. Abin da na gaya mata game da aikina shi ne ina nutso a ruwa. Wane ruwa, ban faɗa ba, kunya ba ta bar ni ba. Ita kuwa ta ɗauke shi abin alfahari. Duk wanda ya zo cin tuwo sai ta nuna ni, "Wanga da kuke gani, kifi ne. Ɗan Yawuri ne."

Cikin hunturu Abu Nayif ya kira ni ofis, fuskarsa a sake. Ya ce mai nutsonsa na Jidda ya ajiye aiki, gurbi ya samu. "Gobe aiki biyu ne, bayara da safe, hazzan da la'asar. Ka gama su, gata kana bas ɗin Jidda." Hazzan shi ne babban tankin ƙarƙashin ƙasa da ake tara ruwan gida. Na fita ofishin nan ƙafata ba ta taɓa ƙasa. Har na kira Inna na tambaye ta me take so in aiko mata.

Na yi bayaran safe, aka fesa mini ruwa, muka jefa raguleta cikin bokiti muka kama hanya. Sai na ga direba yana shiga layukan da na sani. Ya tsaya a gindin benen Hajiya Tabawa. Tana tsaye a ƙofa da mayafinta, bakinta har kunne.

"Ni na sa a kira ku," ta ce. "Famfonmu ya ƙi jan ruwa tun shekaranjiya, mai benen na son a zubar da tanki duka. Na ce a'a, muna da namu ɗan da ka shiga shi gyara. Na ce bari in samo maka aiki, ko uban gidanka shi san darajarka."

Na kalli bokitin da ke bayan mota. Ruwan maganin ya riga ya koma ruwan ƙasa, wani abu yana yawo a samansa. Na kalli benen, tagogi cike da mata da yara suna leƙen kifin Yawuri. Da wannan ruwa suke girki, da shi suke alwala, da shi aka dama kunun da ya tashe ni.

Abu Nayif ya iso, yau har ya fito daga mota tunda wurin ba wari. Na ja shi gefe na ce, "Ya Abu Nayif, ruwan sha ne. Raguletar nan ɗazu ta fito daga bayara. Ka ga hoton abin da ke cikinta."

"An wanke ta."

"Ba ta wankuwa. Ga tiyo na biyar ma, ba murfin da zan cire shi, haka zai dinga reto yana zubar da abin da ke bakinsa."

"Moya, ruwa mai yawa, ba ya ɗaukar najasa, ka tambayi kowane malami," ya ce, yana gyara zaman ƙyallen kansa. "Na riga na yi wa mai gida alkawari. Ka shiga, jibi Jidda. Ka ƙi, ka ci gaba da kallon teku a waya. Yalla."

Ban taɓa jin ƙyamar mutum kamar yadda na ji tasa a lokacin ba, duk da ƙamshinsa. Karen nan ma bai kai shi ba, shi aƙalla faɗawa ya yi ba da son ransa ba. Amma Jidda ce fa, saura kwana biyu. Na tsaya ina jin zuciyata na kawo mini dalilai, cewa ai tankin babba ne, ai suna tafasa wani, ai ba wanda zai sani. Baba Koya ya ɗauko bokitin ya ajiye a gabana, ya ƙi haɗa ido da ni.

Na leƙa bakin tankin na kimanta zurfinsa. Bai kai wuraren da nake kwance taru ina yaro ba. Na juya na ce, "Hajiya, a taimaka mini da sabulu da bokitin ruwa. Kuma ko akwai mai tabarau na iyo a gidan nan?"

Na shiga banɗakin mai gadi na dirje jikina har fata ta yi zafi, na wanke baki da hanci, na sake. Ko jiƙaƙƙiyar ban sa ba, don a akwati ɗaya suke kwana da 'yar'uwarta. Na fito da gajeren wando, Hajiya ta miƙo mini tabarau na wata jikarta, ɗan ƙarami ruwan hoda, har da hoton kifi a gefe. Yaran da ke taga suka fashe da dariya. Abu Nayif ya ce, "Inta majnun?" Wai ko na haukace. Na ce masa aikinsa dai yake so a yi, za a yi.

Na zauna a bakin ramin na ja numfashi a hankali yadda mahaifina ya koya mini a cikin kwalekwale, na cika ciki kafin ƙirji, na sulale. Sanyin ya sare ni kamar wuƙa. Na buɗe ido.

Hasken la'asar yana saukowa ta bakin tankin a miƙe har ƙasa. Ina ganin bango, ina ganin bututun famfo, ina ganin inuwata a kan siminti. Na ɗaga hannuna. Ga shi nan, yatsu biyar, har tabon ƙugiyar da ta kama ni ina ɗan shekara bakwai. Na tsaya ina kallonsa kamar wawa har ƙirjina ya fara tuna mini cewa ba tukunya a bayana.

Leda ce da guntun buhun siminti suka naɗe ragar bakin bututun. Na dinga hawa ina sauka, ina yagowa kaɗan-kaɗan ina miƙa wa Baba Koya, haƙorana na kaɗawa. Da na ciro na ƙarshe mai gadi ya kunna famfo, ya yi tari ya kama. Can sama wata ta rangaɗa guɗa. Hajiya ta lulluɓe ni da bargo, ta hau da kanta ta taro ruwan farko a kofin silba ta kawo mini. Na shanye tas. Rabon da in sha abu ban ji ɗanɗanon roba ba har na manta.

Duk abin nan Abu Nayif yana tsugune a bakin tankin yana ɗauka da waya. Da za mu tafi ya ce in shiga gaban motarsa, abin da bai taɓa yi ba. Yana tuƙi yana sake kallon bidiyon yana dariya.

"Ma sha Allah, ya Nasir! Ba tukunya, ba riga, ba komai! Ka gani? Tun farko na ce maka raguleta ɗaya ta isa. Ita ta bayara, ƙirjinka na hazzan." Ya daki sitiyari. "Ka san yawan hazzan da ke Riyad? Kowane gida! In na sa wannan bidiyon, waya ba za ta huta ba."

"Jibi fa?" na ce. "Bas ɗin Jidda."

Ya dube ni da mamaki na gaskiya. "Wane mahaukaci ne zai kai irinka Jidda? Can kowa ma zai iya. Zan ɗauko wani daga Masar." Ya dafa kafaɗata da hannunsa mai ƙamshi. "Teku tana nan, ba ta gudu."

Wayar kuwa ba ta huta ba, a nan bai yi ƙarya ba. Bayan 'yan makonni Bamisiren ya iso, yaro mai fara'a, ba ruwansa. Ya biyo ta sito don ya ɗauki kayan aikinsa, don Abu Nayif ya ce ba a kai wa Turawa masu yawon buɗe ido tsohon kaya. Sabuwar raguleta ce fil a kwalinta, robar bakinta ko haƙori bai taɓa ba. Ni da Baba Koya muka ɗaure kwalin, ni na ɗora masa shi a kafaɗa har bakin mota. Ya ce in yi masa addu'a, wai yana jin tsoron ruwa mai zurfi.

Da motar ta tafi, Baba Koya ya kama hannuna ya buɗe, ya sa mini wani abu mai sanyi. Ɗan murfin tagulla ne, sabo. A cikin kwalin ya gan su guda biyu, ya zare ɗaya.

"Baba, me zan yi da shi yanzu?" na ce. "Raguletarmu ba ta ƙara shiga wani ruwa sai bayara. Tiyo na biyar ya zauna ke nan."

"Ka ajiye," ya ce. "Ranar da za ka Jidda za ka buƙace shi."

Na sa a aljihu don kada in kunyata tsoho. Direba ya yi hon a waje, wani otal ne famfonsa ya toshe tun safe. Na ɗauko kwalbar basilin na fara shafawa a leɓe.